Feshin Gashin Halya

Gona, kusa da Ituna, Saskatchewan
Watan Oktoba

Zuwa ga 'yata Larisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai ga ni nan, ciwon gwiwa yana ƙaruwa, ji yana raguwa. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san injin girbi ya gama da kunnuwana, in ana magana a waya sai in ji kamar ruwa na tafasa a tukunya. An kwashe alkama lafiya, ba yabo ba fallasa.

Uwargidana, innarki Halya, tana nan yadda kika bar ta, a gidan kula da tsofaffi na tsallaken kwarin Qu'Appelle. Jiki lafiya lau, tana cin abinci, mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Ina zuwa wurinta duk Laraba da Lahadi. Wata rana ta gane ni, wata rana ta ɗauka mai gyaran famfo ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne a-kori-kurar nan. Kin tuna ta, ja, wadda na cire wa injin fetur na dasa mata na dizal mai turbo tun kina makarantar firamare. To tiyon roban da ya haɗa bututun turbo da lagireton iska ya ishe ni. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya cewa komai. Amma da na gangara kwari na fara hawan ɗaya ɓangaren, na taka totur, sai ki ji fam! kamar an harba bindiga. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta koma jan ciki. Ba kullum ba, amma yanzu ya fi da yawa.

Maganinsa duk manomin yankin nan ya san shi. Ka goge tiyo, ka fesa masa feshin gashi na mata, ka tura shi tun yana jiƙe, ka ɗaure, ka jira ya bushe ya kama kamar danƙo. Tun muna da ƙarfinmu Halya ke yawo da gwangwanin a jakarta saboda motar nan. Ita ke miƙo min ta taga tana faɗa, wai na ƙarar mata da kayan kwalliya a kan ƙarfe. Yanzu gwangwanin yana ƙarƙashin kujera.

Ɗana, ɗan'uwanki Taras, ya zo daga Regina ranar Asabar, ya tarar da ni da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ce, “Baba, wallahi in motar nan ta sake mutuwa a hanya bayan ƙanƙara ta sauka, zan karɓe makullin. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce an tsince ka a daskare ba.” Na ce masa ni na koya masa tuƙi. Ya ce shi ya sa ya san halina.

Yaron ba wasa yake yi ba, Larisa. In ya karɓe makullin, sai ranar da ya samu sarari zan ga Halya, kuma ban san nawa ya rage mana ba. Tunda an ce aikinki ke nan a can kamfanin injuna, ki faɗa min, akwai wani feshin da ya fi wannan danƙo? Na auna bututun, na zana miki shi a bayan takardar nan. Kada ki yi wa zanen dariya.

Kawunki,
Orest

*

Indiana
Farkon Nuwamba

Kawuna na kaina,

Na ga saƙonka, na ji daɗi ƙwarai. Mu duka lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Ka gaishe min da Inna Halya, ko ba ta gane sunan ba ka faɗa mata. Har yanzu ban ci naɗin kabeji irin nata ba.

Zanen kuwa na yi masa dariya, ka yi haƙuri. Amma awon daidai yake.

Kawu, babu wani feshi da zan aiko maka. Feshin gashi na gashi ne. Tun safe har yamma aikina shi ne zana hanyar da iska za ta bi ta shiga inji, kuma rabin ciwon kaina a irin wannan mahaɗar yake. Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a motarka. In kana hawa, turbo yana danna iska da ƙarfi, iskar kuma tana neman duk inda za ta fita. Bututunka ka yanko shi ne daga na salansa, bakinsa sumul, ba abin da zai tare tiyo. Ga tururin man inji da ke bin iskar, ya jiƙa robar shekara da shekaru har ta yi santsi. Kilif ɗin da ka ɗaure da shi kuma bai san sanyi ba. In ka matse shi a Oktoba, robar za ta tsuke a Janairu, shi yana nan yadda ka bar shi, sai ya zama zobe kawai a yatsan da ya rame.

Abin da ya fi damuna ma ba tsayawar ba ce. Duk sanda tiyon ya fita a kan hanyar tsakuwa, injin yana shaƙar ƙasa kai tsaye, ba tare da ta bi ta matata ba. A hankali take cin sa daga ciki.

Na aiko maka da kwali. A ciki akwai bututun alminiyam da aka lanƙwasa daidai awonka, an yi wa bakinsa leɓe mai tudu. Akwai sabon tiyo na silikon mai zare a ciki, da kilif biyu masu sifirin, waɗanda ke ƙara matsewa da kansu in roba ta tsuke. Kilif ɗin a bayan leɓen zai zauna, ba a kansa ba. Komai a bushe, ba mai, ba feshi. Na san ka, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin waɗannan biyun.

Dattijon da ya lanƙwasa min bututun a wurin aiki, da na ba shi labarin feshin, sai da ya zauna don dariya. Ya ce babansa ma haka yake yi, har uwarsu ta riƙa ɓoye gwangwaninta a cikin buhun fulawa.

Ka ɗaura ka nuna wa Taras. Makullinka ba inda za shi.

'Yarka,
Larisa

*

Gona
Ƙarshen Nuwamba

Larisa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni lafiya. Ƙanƙara ta sauka.

Kwali ya iso, na ɗaura yadda kika ce. Motar tana haye kwarin kamar akuya, ko tari ba ta yi. Taras ya leƙa ya gani, ya ce madalla. Yanzu ina isa wurin Halya da wuri, hannuna fes.

Aikinki ba shi da aibu. Na gode.

Orest

*

Indiana
Tsakiyar Janairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan yatsunka sun warke, don Taras ya ce saura kaɗan likita ya yanke biyu.

Tun 'yar guntuwar takardar nan ta Nuwamba ban sake jin ɗuriyarka ba. Na aiko da katin Kirsimeti da hotunan yara, shiru. Na ce wa kaina ai Kawu ba mai yawan rubutu ba ne. Sai jiya Taras ya kira ni. Ya ce direban motar kwashe ƙanƙara ne ya tsince ka a tsakiyar hawan kwari, bonet a buɗe, kana durƙushe kana tonon ƙanƙara da hannu ba safa. Ya ce da aka janyo motar ya duba, tsohon bututun ne a jiki, da tsohon tiyon, yana warin feshin gashi. Nawa kuma ya same shi a rataye a ƙusa cikin rumfar kayan aiki, an goge shi tas.

Kawu, me na yi maka? Da hannunka ka rubuta cewa ba shi da aibu. Na sake karanta layin nan ya fi a ƙirga, yanzu na gane da wace fuska ka rubuta shi. In ba ka yarda da aikina ba, ai sai ka faɗa min. A wurin aiki na saba da tsofaffin da ke karɓar zanena su kai wa wani namiji ya duba musu. Na saba, ba ya hana ni barci. Amma ban taɓa zaton zan same ka a cikinsu ba, kai da ka fara sa min sifana a hannu. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Kuma ka bar maganar zuciyata. Da mutumin nan bai biyo hanyar ba fa? Inna Halya wa zai rage mata?

Taras ya ce ya karɓe makullin, ya tambaye ni ko ya yi daidai. Na ce masa ya yi daidai. In za ka yi fushi da ni ka yi, amma ka amsa min.

Larisa

*

Gona
Watan Fabrairu

'Yata Larisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yatsun suna nan duka goma, biyu dai sun yi baƙi sun saɓule, shi ya sa rubutun ya karkace. Hotunan yara suna jikin firij. Babban ya ɗauko hancin gidanmu, Allah Ya ba shi haƙuri.

Kin yi min faɗa irin na mahaifiyarki, har na ji kamar ƙanwata ce ta dawo. Amma kin yi kuskure. Bututunki ya fi duk wani abu da na taɓa ɗaura wa motar nan kyau. Zauna ki ji.

Ranar da na fara zuwa da shi, na isa da farar riga, ko ɗigon mai babu a jikina. Na shiga ɗakin Halya ina jin kaina. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Bawan Allah, wa kake nema?” Ban damu ba, ai ta saba yi. Laraba ta zo, haka. Lahadi, haka. Nuwamba ya ƙare, Disamba ya shiga, ko sau ɗaya ba ta kira sunana ba. Da can a wata sau uku ko huɗu takan gane ni. Na ce to, ƙofar ta rufe ke nan. Abin da ya hana ni rubutu ke nan, ban san me zan ce wa kowa ba.

Akwai wata ma'aikaciya a gidan, Jolin, mai baki kamar rediyo. Wata rana tana gyara gado ta ce, “Baba Orest, kwana biyu ka zama ɗan gayu. Ina warin nan naka da ke riga ka shigowa?” Ta yi dariyarta ta fita. Ni kuwa na kasa tashi daga kujera. Na yi ta tunani baya, ziyara bayan ziyara. Larisa, duk ranar da Halya ta taɓa gane ni a gidan nan, ranar ce tiyo ya fita a hanya. Nakan shigo a makare, hannu baƙi, ina warin roba mai zafi da man inji da feshinta. Sai ta yamutsa fuska ta ce, “Orest, tiyon nan ne kuma?” Daga nan sai mu yi hira kamar mutane, wani lokaci har a kawo abincin yamma.

Kada ki ɗauka ban gwada dabara ba. Na fesa feshin a rigata na shiga. Ta shinshina ta ce, “Wace mata ce ta rungume ka? Fita min daga ɗaki, marar kunya.” Har ta danna ƙararrawa. Na haɗa feshin da baƙin mai a rumfa na shafa, ta ce in je in yi wanka. Ba ya yi sai robar ta gasu a jikin inji. Ni ban san dalili ba, hancinta ne ya sani.

Na daure har Kirsimetinmu na Janairu, yadda cocinmu ke yin sa. Na kai mata dafaffiyar alkama da zuma irin wadda take yi mana duk shekara. Ta karɓa ta ce ta gode, in gaishe da mutanen coci. A mota na zauna na yi kuka kamar yaro. Washegari na sauke bututunki na mayar da tsohon. Na san abin da nake yi, ba ruɗewa na yi ba. Tiyo ya fita a inda ya saba, sai dai sanyin ranar ya wuce misali. Yatsuna suka ƙage, kilif ya suɓuce ya faɗa cikin ƙanƙara. Shi nake nema mutumin ya same ni. Ko wurinta ban kai ba.

Yanzu Taras ke kai ni in ya samu Lahadi, a motarsa mai ƙamshin lemo. Halya tana karɓar mu da ladabi, kamar masu karatun mita.

Ban faɗa masa ba. Uwarsa ta fi shekara ba ta kira sunansa ba. Da wane baki zan ce masa tana gane warin tiyo, ba ta gane ɗan da ta haifa? Gara ya ɗauka taurin kai ne. Ai ina da shi, ba ƙarya ya yi min ba.

Kawunki,
Orest

*

Indiana
Farkon Maris

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara. A wurin aiki na buɗe takardarka, sai da na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Na ɗora maka laifin wasu mutane, alhali kai abin da ke kanka daban. Ka yafe min.

Amma ba zan janye magana ɗaya ba: tsohon bututun nan ba zai sake ɗaukar iska a motarka ba. Sai dai na kwana biyu ina juya abin, na ga ashe tambayar da ka yi min tun farko ce ban ji da kyau ba. Kai ba tiyon da ke fita kake bukata ba. Roba mai zafi kake bukata.

Ga abin da za ka yi. Ka mayar da bututuna da sabon tiyo da kilif masu sifirin, yadda suke a da. Sannan ka ɗauki tsohon tiyon, kada ka wanke shi, ka tsaga shi a tsaye, ka naɗa shi a bayan bututun daga waje, a tsakiya, nesa da mahaɗa, ta gefen da ba ya kallon salansa. Ka ɗaure shi da waya ko wani tsohon kilif. Ba iskar da za ta bi ta cikinsa, ba abin da zai fitar da shi. Aikinsa kawai ya kwanta a kan bututu ya sha zafi. In ka haye kwarin, bututun yana kan ganiyar zafinsa. Kada ka tsaya a hawan, ka ƙarasa gidan man da ke sama, inda akwai mutane. Ka kashe inji, ka ɗan jira, don feshin nan yana kama wuta. Sai ka ɗiga baƙin mai kaɗan, ka fesa, ka kama robar da hannu biyu.

Ban yi maka alkawarin zai yi ba. Na san iska da roba, ban san abin da ke cikin kan Inna ba. A duk aikina ban taɓa zana wani abu da ba ya ɗaukar komai ba sai wannan, kuma ban taɓa roƙon Allah a kan zane kamar shi ba.

Saura makulli. Ban faɗa wa Taras komai ba, maganarku ce. Amma Kawu, Taras ba yaro ba ne, furfura gare shi. Yana can yana zaton ubansa ya fara ruɗewa shi ma, ka san irin tsoron da ke cikin wannan? In bikin Ista ya zo ba ka faɗa masa ba, ni zan faɗa.

'Yarka,
Larisa

*

Gona
Watan Afrilu

'Yata injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ƙanƙara tana narkewa, tsakar gida ya zama kunu. Agwagin daji sun dawo tafkin bayan rumbu.

Ban jira Ista ba, don na san ki, za ki aikata. Taras ya zo ranar Asabar, na dafa shayi na faɗa masa komai ina kallon tebur. Ya tashi ya fita, na ce shi ke nan, na ɓata. Can sai na ji ƙarar ƙarfe a rumfa. Na leƙa, ga shi ya tuɓe kwat ɗinsa na ofis yana sauke bututunki daga ƙusa. Ya ce, “Baba, ina sifana mai lamba goma? Kullum sai ka ɓoye ta.” Tare muka ɗaura. Ya sa kilif a kan leɓe, na ce a bayansa, haka Larisa ta ce, har da jan layi.

Lahadi muka tafi, shi ke tuƙi. Motar ta haye kwarin ba ko tari. Muka tsaya a gidan mai, muka yi yadda kika ce. Da feshin ya sauka a kan robar, warin ya taso, sai na ga Taras ya runtse ido. Ya ce, “Wannan ai warin tafiya coci ne.” Kafin in ce wani abu ya sa hannuwansa biyu kusa da nawa. Mai gidan man yana kallon mu ta taga, ƙato biyu sun rungume bututu. Ban san me ya faɗa wa matarsa ba.

Muka shiga. Halya tana zaune tana kallon waje. Na tsaya kusa da ita, gabana yana faɗuwa kamar ranar da na je neman aurenta. Ta juyo a hankali, ta yamutsa fuska.

“Orest, tiyon nan ne kuma? Shekara nawa ina ce maka ka gyara abin nan?”

Na ce, “An gyara, Halya. Larisa ta gyara.”

Ta ce, “Larisa? Yarinyar da ko kitsonta ba ta iya kwancewa? Kai dai ba ka rabo da shirme. Miƙo hannun.”

Kada ki ji haushi, a wurinta har yanzu kina firamare. Ta jawo hankicinta tana goge min yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar me ya sami biyun nan. Taras yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya saba tsayawa a nan. Sai ta ɗaga kai ta dubi hannuwansa.

“Kai ma ka biye masa? Dubi rigarka. Taras, wuce ka wanke hannu kafin ka zauna min a kan gado.”

Ya wuce banɗakin. Ya daɗe a ciki, muna jin ruwa yana zuba. Da ya fito idanunsa sun yi ja, hannuwansa kuwa suna nan baƙi yadda suke, bai wanke ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar Laraba na koma na yi komai daidai, ba ta gane ni ba. Lahadin da ta biyo ta gane ni na ɗan lokaci. Haka abin yake, kuma na karɓa da hannu biyu.

Kin ji na ce na koma ranar Laraba, to ga yadda aka yi. A Lahadin farkon nan, da muka fito wurin ajiye motoci, Taras ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna. Makullin yana kan kujerar direba. Muna gangara kwari ya ce, “Baba, ranar Lahadi in ka riga ni isa gidan man, kada ka buɗe bonet sai na zo.”

Ki gaishe da yara. In za ki zo da bazara, ki taho da tsohuwar riga.

Kawunki,
Orest